Batir Mai Raka'a Ɗaya

Bari in fara da wautata, don kada wani ya riga ni faɗa. Ni Sule, da ake ce wa Sule Mai Batir a bakin tashar Dutse, na yi shekara tara matata tana ɗinke hujin da ruwan batir ke yi wa wandunana. Babu wandon da ya taɓa ganin Sallah biyu a jikina. Duk da haka, da hankalina, ba zazzaɓi ba komai ba, na je kasuwa na sayi farin yadi kamu biyu, na yayyanka, na zuba shi cikin batir. Aji uku na yi a firamare, rabinsu ma a kan mangwaron hedimasta na yi su, amma wannan ba uzuri ba ne. Abin da wandona ya sani, ni da nake cikinsa ya kamata in sani.

Ku samarin da ke da rumfar cajin waya yanzu, kuna ganin sana'ar nan soka waya ce a bango a zauna ana danna-danna. Batir ya kumbura ku jefar, ku ɗauko sabo a leda. Babu wanda ya taɓa ganin hanjin batir a cikinku. Mu a lokacinmu batir ba ya mutuwa sai mun ce ya mutu.

Aikin farko da na gani batirin wata tifa ce mai jigilar yashi. Shekarar da aka yi jiha ke nan, Dutse ta tashi daga gari mai barci ta koma hedikwata, ma'aikata suna ta kwararowa daga Kano da tsofaffin motocinsu. Ni kuma na gwada noma ya ƙi, na gwada faci na ƙone tayar wani alhaji. Kawuna ya kai ni wajen Baba Haruna, wani dogon dattijo mara yawan magana da ya koyi aikin batir a Kano, ya ce masa, “Ga shi nan. Ba shi da mugun hali, kai ne dai babu.” Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai ba dole ba ne. Hannu nake so.”

Ya kunna risho, ya gasa wuƙa, ya bi bakin murfin yana narka kwaltar da ta liƙe shi. Ya zare cikin, sai ga faranti na dalma a jere, sirara, tsaye kamar littattafai a kanta. Ɗaki shida ne a cikin batir, kowane ɗaki faranti goma sha ɗaya, mai ruwan ƙasa da mai ruwan toka, ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin kowane biyu akwai wani fallen roba mai haƙarƙari, ruwa na ratsa shi amma yana hana farantin taɓa ɗan'uwansa. Tsakani muke ce masa. Baba ya ɗaga guda ɗaya ya haska shi a rana.

“Ka ga dalma, kowa ita yake kallo, don ita ce mai nauyi. Wannan fa? Iska ma ɗauke shi take. To in ya huje, dalmar nan duk ta zama dutsen guga.”

Na ce to. Ban ji komai ba, ina kallon mai awara.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ludayin ƙarfe na narka dalma. Akwai sirinji na gilas mai wani ɗan kwalba a ciki, in ka zuƙo ruwan batir ya taso sama to akwai ƙarfi, in ya nutse to ruwan ya zama lami. Wannan sirinjin shekara biyu na yi ban taɓa shi ba. Da Baba ya fita wata rana, na ce ai harshe ma ma'auni ne, na tsoma yatsa na ɗanɗana. Sati guda tuwo da miya duk ɗaya suke a bakina. Akwai injin caji mai gurnani da Baba ya naɗa wayarsa da hannunsa, da ƙaramin janareto don wutar gari takan zo ne kamar baƙon da bai yi sallama ba, ta tafi haka nan. Sai wata ƙusa mai kauri da ƙaramar guduma, waɗanda ke kwana a aljihun Baba.

Ruwa kuwa, ba ma sa na rijiya, ba ma sa na famfo. Da damina ta kankama, sai Baba ya tura ni kan duwatsun bayan gari da robobi, in jera su a fili inda ruwan sama zai sauka kai tsaye, bai taɓa kwano ba, bai taɓa ganye ba. Ruwan farko da na biyu ba ma ɗauka. Na bayansu za mu tace a jarkoki mu yi shekara muna sha da shi, wato batir na sha. Mutanen unguwa sun ɗauka magani muke haɗawa. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa da kwalba wai a sam mata na ciwon ƙafa. Na kusa ba ta, Baba ya harare ni.

Ranar kasuwa ita ce ranarmu. Ƙauyukan nan duk babu wuta, batirin mota shi ne wutarsu. Za ka ga mutum daga hanyar Jahun ya ɗauro shi a bayan keke da igiyar roba, wani daga wajen Kafin Hausa ya rungumo nasa a bas kamar jariri, ruwan na ɗiga a rigar maƙwabcinsa ana ta rigima. Masu gidan kallo su ne manyan baƙinmu, kowa da batir uku, huɗu, na talbijin da na bidiyo. Sai masu kiɗan biki da ke yawo da lasifika. Sai Fulani da rediyo mai kaset, waɗanda in sun kawo batir sai su zauna a gabansa har ya cika, wai kada a musanya musu da mara lafiya. Wani a cikinsu ya ɗaura wa nasa laya. Baba ya ce a bar ta, ba ta taɓa dalma ba.

In Baba ya sake gina batir tun daga faranti har murfi, ya cika shi, ya bar shi ya kwana biyu, ya auna ya gamsu, sai ya fito da ƙusar nan ya buga ɗigo uku a kan ƙahon dalmar, inda ake ɗaura waya. Ɗigo uku a jere, kai ka ce da zare aka auna. Shi ke nan sa hannunsa. Direbobi har Hadeja da Gumel sun san shi. In za ka sayar da tsohuwar mota, mai saye zai buɗe gaba ya shafa ƙahon batir da yatsa. Ni na gina batir ya fi ɗari a shagon nan, amma ban taɓa buga ɗigon ba. Sai ya duba aikina ɗaki-ɗaki, sannan ya buga da kansa.

Mummunar shekararmu ita ce wadda aka ƙaddamar da shari'a. Ni ban ce komai a kai ba, har yau ma ban ce ba, batir na sani. Amma gidajen kallo da yawa sun rufe, waɗanda suka rage suka koma ɓoye-ɓoye, makaɗa suka rataye lasifika. A daidai lokacin kuma wasu batura masu liƙaƙƙen kai suka fara shigowa, waɗanda ba a buɗewa. Injin caji ya yi shiru har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Muna zaune ni da Baba muna kallon titi kamar masu gadin rumfar wani.

Ana cikin azumi sai ga Malam Buba, ladanin wani babban ƙauye a hanyar Jahun, ɗan gajere mai muryar da ta fi shi girma. Ya sauke wani mataccen batirin babbar mota.

“Baba, ranka ya daɗe, bana ƙauyuka biyar za su haɗu a filin Idinmu. Liman ya ce a kawo maka. In ya ɗauki Sallah da huɗuba lafiya, masallatan yankin nan duk nan za su riƙa zuwa. Yanzu kowa lasifika yake so.”

Baba ya ce, “Allah Ya nufa.” Da Malam Buba ya tafi, sai ya juyo gare ni. Gobe zai shiga i'itikafi, kwana goma ba zai fito daga masallaci ba. “Ka gina shi yadda muka saba, sha ɗaya-sha ɗaya. Kada ka yi gaggawa.” Ya ciro ƙusa da guduma ya sa a aljihun tebur, don ba ya son shiga masallaci da ƙarfe a riga. “Ka bar ɗigon. In na fito na duba.”

To ni akwai wani tunani da ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. Na lura batirin da ya fi yawan faranti ya fi ƙarfi, ko da nauyinsu ɗaya da wani. Ba kaurin dalma ke aiki ba, fuskarta ce, inda ruwa ke taɓawa. Kenan in ka sami faranti sirara ka jera da yawa, ka sami fuska da yawa a ɗaki ɗaya. Abin da ke cinye wuri shi ne tsakanin nan mai haƙarƙari. In aka sami abin da ya fi shi siranta fa?

Na san ruwan batir na cin yadi. Amma ga ilimin da na haɗa da kaina: na lura wandona ba ya hujewa lokacin da yake jiƙe, sai ya bushe a rana. Na ce ashe ruwan ba ya ci sai ya bushe. A cikin batir kuwa yaushe zai bushe? Na tafa wa kaina. Na tuna maganar kawuna na ce yau za a ga wanda ba shi da kai.

Kwana uku na yi a kansa, da azumi a bakina. Na tsince mafi siraran faranti a cikin tarin da muke da shi, na wanke, na naɗe kowane mai ruwan ƙasa da farin yadi kamar ana yi wa jariri sutura. Sha bakwai na cusa a kowane ɗaki maimakon sha ɗaya. Na haɗa kawunansu da dalma, na rufe da kwalta, na zuba ruwa, na sa a caji. Da na gwada shi da waya, tartsatsin da ya yi sai da mai shayin gefenmu ya yi salati.

Malam Buba ya dawo saura kwana huɗu Sallah, yana so a rufe tafsiri da shi. Ya shafa ƙahon batir, ya ɗago.

“Ina ɗigon Baba?”

“Baba na masallaci.”

“To Liman cewa ya yi in ban ga ɗigo uku ba kada in ɗauko.”

Na ce ya je ya dawo bayan la'asar, zan kai wa Baba ya duba ta taga. Ban je ko'ina ba. Na buɗe aljihun tebur. Na ɗauko ƙusa na buga ɗigon da kaina, na uku ya ɗan karkace.

Ranar Sallah ban yi Idi a Dutse ba. Na saka sabon wando na hau mota zuwa ƙauyen, don a yabi aiki ina wurin. Kuma an yaba. Malam Buba ya ce daren rufe tafsiri har ƙauyen gaba an ji Liman. Na ce wannan kaɗan ne, a ƙara lasifika biyu, zai ɗauka. Aka ƙara. Aka ajiye batir a tsakiyar rana kusa da sahun gaba, na zauna a gefensa ina amsa gaisuwa. Duk wanda ya tambaya sai in ce, “Aikin shagonmu ne.”

Raka'ar farko, muryar Liman ta cika filin nan har tana dawowa daga bishiyoyi. Muka tashi ta biyu. Ana cikin karatu na fara jin ƙauri, irin na kwalta a kan risho. Muryar ta fara siranta, ta koma kamar ana magana a cikin tulu, sai ɗif. Liman ya yi ruku'u, sahun gaba suka bi, na baya mutum ɗaruruwa suna tsaye ƙiƙam suna jira. Sai da Malam Buba ya buɗe maƙogwaronsa ya riƙa kai kabbara da baki, aka ƙarasa da ƙyar. Huɗuba kuwa waɗanda ke kusa ne kawai suka ji ta. Kafin a shafa addu'a ni na kai bakin titi. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Kwana biyu bayan Sallah suka zo shago, Liman da kansa, da Malam Buba, da dattawa uku. Direbobin tasha suka taru, don ba a rasa su wajen kallo. Baba ya gasa wuƙa ya buɗe. Farantin sun lanƙwashe sun manne da juna. Yadin kuwa ya narke ya koma kamar kunun da ya kwana, baƙi, da 'yan zare-zare. Baba ya ɗebo shi a bakin wuƙa ya daɗe yana kallo. Ya shafa ƙahon, yatsansa ya tsaya a kan ɗigo na uku. Ni ina bayan injin caji ina goge abin da ba shi da datti.

Liman ya ce, “Malam Haruna, ɗigonka ne ko ba naka ba?”

Baba ya ce, “Nawa ne, Allah gafarta Malam. Daga shagona ya fita. A yi haƙuri.”

Ya sake gina shi da hannunsa, sha ɗaya-sha ɗaya, ya kai musu har gida, kuma na ji ya yi shekara huɗu yana aiki. Amma masallatan ba su zo ba, sun koma sayen masu liƙaƙƙen kai. Direbobi kuwa suka samu abin tsokana. Mutum zai leƙo ya ce, “Baba, a ba ni mai raka'a biyu, tafiyar nesa zan yi.” Shekara talatin ana shafa ɗigo uku da girmamawa, aka wayi gari ana ce musu Raka'a Ɗaya. Baba bai taɓa yi mini maganar ba, ko da ido. Ni ma ban yi masa ba. Kullum ina cewa gobe. Bayan shekara biyu idonsa ya yi rauni, ya bar mini shagon ya koma gida Yalwawa. Ƙusar ya tafi da ita.

Wayar hannu ce ta ciyar da ni bayan haka. Na jera soket a katako, na zama irinku kafin a haife ku a sana'ar.

Shekaru sun ja, sai Rabi, 'yar ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu. Ta same ni na farke wani mataccen batirin waya, na warware cikinsa a kan benci, doguwar takarda baƙa mai sheƙi, falle a kan falle.

“Baffa, wannan abin yana kamawa da wuta fa! Kada ka ƙara.”

Na ce ni da na ɗanɗani ruwan batir. Ta yi dariya, ta ɗauki fensir a jakarta. Ta ce baƙin da ke cikin fensirin da baƙin da ke jikin takardar nan dangi ne, kuma ba dunƙule yake ba, falle-falle ne, kamar tabarmin masallaci da aka jibge. In ana caji, wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani suna shiga tsakanin tabarmin su zauna, in ana amfani da waya su fito. Ta manna salatif a kan rubutun fensir ta ɓare, ta nuna mini baƙin da ya biyo shi. Ta ce haka masana suka yi ta ɓarewa har suka kai falle ɗaya tak, wanda babu abin da ya fi shi siranta. Yanzu irin waɗannan fallayen ake nema a gina batir da su, har da wanda zai yi aiki da sinadarin gishiri.

“Don me sai sirara?”

“Don fuska, Baffa. In ya yi siriri duk jikinsa fuska ne, ko'ina yana aiki.”

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ba ta labarin Raka'a Ɗaya tun daga farin yadi har takalmi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, “Wallahi Baffa tunaninka bai karkace ba. Matsalarmu ma kusan taka ce. In ka jera su sai su manne da juna, hanya ta toshe. Abin da za a sa ya riƙe su a buɗe, shi ake ta fama.”

Washegari na sa ta a gaba muka tafi Yalwawa. Baba na zaune a zaure kan buzu, ido ya tafi gaba ɗaya, amma da na yi sallama ya ce, “Sule, har yanzu kana jan ƙafar hagu.” Muka gaisa. Na ce wa Rabi ta maimaita masa. Ta durƙusa ta yi bayani tiryan-tiryan, ta sa masa fensirin a hannu yana juya shi.

“'Yata, me kuke sawa a tsakani?”

“Ana ta gwaje-gwaje, Baba. Ba a gama ba.”

“Kada dai ku sa yadi.”

Rabi ta toshe baki. Ni na ji zauren ya yi mini kaɗan. Wannan ne karo na farko da kalmar ta fito daga bakinsa. Na gyara zama na fara, “Baba, dama tun lokacin nake so in ce...”

Ya ɗaga hannu. Ya laluba aljihu ya ciro ƙusar, ta yi baƙi don tsufa, ya miƙo ta wajen da yake jin muryata.

“A Kano na gwada da fallen katako, na kankare shi da reza. Sha biyar na iya cusawa, bai kai ko'ina ba. Da na buɗe naka na ƙirga sha bakwai, kwana na yi ina mamakin yadda ka shigar da su.” “Ba sunan ne ya dame ni ba, Sule. Kwana huɗu ya rage in fito. Da ka jira ni, da tare muka yi shi.”

Ƙusar tana aljihuna yanzu haka. Ban buga ta a kan komai ba.